Ƙusa Ba Ta Ɗaukar Dutse: Lacca a Kan Huda da Ɗaurin Dutse a Ƙarƙashin Ƙasa

 

Da lissafi zan fara, ku yi mini haƙuri, gajere ne. Idan aka yanko dutse mai mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi, mita ɗaya tsayi, nauyinsa yakan kai tan 2.7. Saboda haka wanda ya nutsa kilomita ɗaya cikin ƙasa, kowace murabba'in mita da ke bisa kansa tana ɗauke da tan 2,700, abin da injiniyoyi ke kira megafaskal 27. A mahaƙar zinariya ta Mponeng da ke Afirka ta Kudu, inda aka gangara kusan kilomita 4, lissafin ya haura tan 10,000.

Yanzu ku dubi abin da muke kafawa a rufin irin wannan wuri. Sandar ƙarfe ce mai kaurin rodin gini, milimita 20 zuwa 25, tsawonta mita biyu ko uku. Sai a huda dutse a zura ta, a liƙe ta da siminti ko danƙo, a sa mata faranti da noti a baki. Ita muke kira ƙusar dutse. Ƙarfinta wajen tan 20 ne kafin ta tsinke. Idan aka jera su da tazarar mita ɗaya da rabi, kowace murabba'in mita ta sami tallafin tan 9 ke nan. Tan 9 a ƙarƙashin tan 2,700. Kashi ɗaya cikin 300.

To me ya hana rufin faɗowa? Dutsen ne yake ɗauke da kansa. Ƙusa ba ta taɓa ɗaukar tsauni ba, kuma ba za ta ɗauka ba. Aikinta shi ne ta hana dutsen da ke bakin rami sassautawa, don ya ci gaba da ɗaukar kayan da dama shi ke ɗauke da su tun kafin mu zo. Amma kowace ƙusa da rauni take farawa, tunda sai an huda kafin a kafa. Maganata ta yau a kan wannan ciniki take: me muke rage wa dutse idan muka huda shi, me muke mayar masa idan muka ɗaure shi, kuma yaushe ribar ke fin asarar.

A shekarar 1898 wani injiniyan Jamus mai suna Kirsch ya warware lissafin abin da ke faruwa idan aka yi huji mai da'ira a jikin abin da ke cikin matsi. Nauyin da wurin hujin ke ɗauke da shi ba ya ɓacewa, kewayawa yake yi ya taru a gefen hujin. Idan matsin daidai yake ta kowace fuska, a bakin hujin sai ya ninka biyu. Idan ta fuska ɗaya yake zuwa, sai ya ninka uku a gefuna biyu, sauran gefuna biyun kuma su koma ana jan su. Nan ne matsalar take, domin dutse gwani ne wajen jure matsi, amma rago ne wajen jure ja. Ƙarfinsa a ja bai fi kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa a matsi ba, sau da yawa ma bai kai ba.

Abin mamaki a lissafin Kirsch shi ne girman hujin bai shiga ciki ba. Hujin ƙusa mai faɗin milimita 35 da hanyar jirgin ƙasa mai faɗin mita 10, ninkin matsin da ke bakinsu ɗaya ne. Bambancin yana wurin nisan da abin ke kaiwa. Da ka matsa daga bakin huji kamar ninki biyu na faɗinsa, matsi ya kusa komawa yadda yake. Hujin ƙusa 'yan santimitoci yake dagulawa, babban rami kuwa mitoci da yawa. Wannan ne ya sa muke yarda mu yi ƙananan raunuka ɗari don mu yi jinyar babban rauni ɗaya.

Duk wanda ya taɓa ɗaga kai a cikin tsohon masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, ya ga hoton abin da nake nufi. Bakan gizo yana karɓar nauyin rufi ya karkatar da shi zuwa bango, azarar da ke ɓoye cikin ƙasar kuma tana hana bakan buɗewa. Haka dutse yake yi wa kansa baka a bisa kowane rami, muddin ba a bar shi ya wargaje ba.

Sai dai wane irin ƙarfi ne dutsen yake da shi? A nan ɗalibai suka fi zamewa. Akan yanko ɗan guntun dutse mai santsi, a kai ɗakin gwaji, a matse shi har ya fashe, a rubuta lamba. Giranit mai kyau yakan ba da megafaskal 150 zuwa 250. Sai ɗalibi ya ɗauki wannan lamba ya ce ƙarfin dutsen ke nan. Ba shi ba ne. Ƙarfin guntun ne.

A lardin Manitoba na Kanada, hukumar makamashin nukiliyar ƙasar ta yi wani gwaji a farkon shekarun 1990 wanda nake son kowane ɗalibin wannan fanni ya sani. A zurfin mita 420, cikin giranit ɗin Lac du Bonnet wanda kusan babu tsaga a jikinsa, suka haƙa rami mai da'ira, faɗinsa mita 3.5. Ba su sa nakiya ko kaɗan ba. Huda suka yi ta yi a jere suna ɓalle dutsen da injin tsagawa, don kada wani ya ce girgizar nakiya ce ta yi ɓarna. Duk da wannan lallaɓawa, rufin da daɓen suka soma ɓarewa sala-sala, har suka yi kwarmi mai tsini. Da aka auna, sai aka ga ɓarewar ta fara ne tun matsin bakin ramin yana wajen rabin abin da guntun dutsen ya jure a ɗakin gwaji. Dalili kuwa, ƙananan tsagogin da ido ba ya gani sukan soma tsirowa tun matsi yana kusan kashi 40 cikin 100 na ƙarfin gwaji. A bakin rami babu abin da ke tokare da dutse ta fuskar da aka buɗe, sai tsagogin su miƙe su haɗu. Wannan fa a dutse mafi lafiya ke nan.

Yawancin dutsen da muke aiki a ciki ba shi da wannan lafiyar. A tsattsage yake tun asali, yana da gaɓoɓi da shimfiɗu, wasu a cike da laka, wasu ruwa na bi. Ƙarfinsa na gaskiya yana wurin waɗannan gaɓoɓi. Shi ya sa a shekarun 1960 Don Deere na Amurka ya kawo wata dabara mai sauƙi: idan ka zaro sandar dutse daga rijiyar gwaji, ka tara tsawon guntayen da suka kai santimita 10, ka raba da tsawon duka. Bieniawski ya faɗaɗa wannan a Afirka ta Kudu a 1973, Barton da abokansa Lien da Lunde suka fito da nasu ma'aunin a Norwe a 1974, Hoek da Brown kuma suka ba mu lissafin ƙarfin tsattsagaggen dutse a 1980. Ina amfani da su duka, amma ina gargaɗin masu ɗaukar su kamar wahayi. An gina su ne a kan ramukan da aka riga aka haƙa a wasu ƙasashe. Suna nuna maka inda za ka fara, ba sa ɗauke maka shiga rami ka duba da idonka, ka ƙwanƙwasa rufi da sandar ƙarfe ka saurara. Dutse mai lafiya ƙara yake yi tsaf. Wanda ya rabu da uwarsa kuwa amonsa a dushe yake, kuma tsofaffin ma'aikata sun fi kowace na'ura saurin jin wannan.

Mu zo kan huda kanta. Ɓarna mafi girma ba hujin ƙusa ke yin ta ba, hujin nakiya ne. Ana huda fuskar rami gurbi da yawa, a cusa nakiya, a tayar. Idan gurabun da ke kewaye sun karkace, ko an yi musu tazara mai yawa sannan aka cika su da nakiya don a rama, to girgiza da iskar fashewar sukan kutsa cikin dutsen da ake so ya zauna, su buɗe gaɓoɓinsa, su tsaga shi har zurfin mita ɗaya ko fiye. Wato ka farfasa bakan da zai riƙe ka tun kafin ya soma aiki. Mutanen Suwidin, musamman Langefors, sun nuna mafita tun shekarun 1950: gurabun gefe su kasance kusa da juna, a miƙe sambal, nakiyarsu kaɗan, kuma su tashi a ƙarshe. Idan aka yi haka, bayan ƙura ta lafa za ka ga rabin kowane huji a kwance a jikin bango, layi-layi. Idan na shiga rami, waɗannan layukan nake fara nema kafin na tambayi ƙusa nawa aka kafa. Inda babu su, na san an riga an ci bashin da ƙusa za ta biya. Hoek da abokan aikinsa ma sun shigar da wannan cikin lissafinsu a 2002, suka ware lamba ta musamman daga 0 zuwa 1 don ɓarnar da haƙa ke yi.

Ɗan kwangila yana son nakiya mai yawa don yana ganin ci gaban mita a kowace rana. Amma dutsen da ya zube fiye da zane sai an kwashe shi, gurbinsa kuma sai an cike da kankare. Arha ce irin wadda ba ta ado.

Hujin ƙusa kuwa ɓarnarsa kaɗan ce a dutse mai tauri, kamar yadda lissafin Kirsch ya nuna. Inda yake zama abin tsoro shi ne a dutsen laka da ire-irensa. Ana huda da ruwa don a wanke gari a kuma kashe ƙura, to akwai duwatsun da idan suka sha ruwa sai su kumbura su yi laushi. Ka huda gurbi ɗari a irin wannan rufi, ka buɗe wa ruwa da danshi ƙofa ɗari ke nan. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Maganinsa a cike hujin gaba ɗaya da siminti ko danƙo, kuma da wuri. Kada kuma wani ya fita daga nan ya ce na hana huda da ruwa. Huda a bushe cikin dutse mai yashin silika kisa ne a hankali. A ramin Hawks Nest da ke Amurka, a farkon shekarun 1930, ɗaruruwan ma'aikata, yawancinsu baƙar fata, sun mutu da ciwon huhu saboda wannan ƙurar.

To me ƙusa ke mayarwa? Wanda ya fi kowa nuna wannan a fili shi ne Tom Lang, injiniya a aikin wutar lantarki na tsaunukan Snowy a Ostireliya, wanda aka fara a 1949. Za su haƙa babban ɗakin injuna na Tumut 1 a cikin tsattsagaggen dutse, ma'aikata kuma ba su yarda cewa 'yan sandunan ƙarfe za su maye gurbin manyan ginshiƙai ba. Sai aka cika bokiti da tsakuwa, aka ratsa ta da siraran ƙusoshi masu faranti, aka ɗaure su tamau, aka kifa bokitin. Tsakuwa ba ta zube ba. Har nauyi aka rataya a jikinta ta riƙe. Babu siminti, babu gam, tsakuwa ce zalla.

Sirrin yana cikin kaushin dutse. Fuskokin tsaga ba su da santsi, suna da haƙora da suka shiga juna. Kafin wani ɓangare ya zame a kan wani, dole ya hau kan waɗannan haƙora, wato dole tsagar ta ɗan buɗe. Ƙusar da ta ratsa tsagar tana hana wannan buɗewa. Ba ta buƙatar ƙarfin tsauni don ta yi haka, milimita ɗaya ko biyu kawai take tsarewa. Muddin haƙoran suna cije da juna, dutsen ne ke aikin. Da sun saki, ko ƙusa goma ba za su mayar da su ba. Daga nan Lang ya fitar da ƙa'idar da har yau ake bi: tsawon ƙusa kada ya gaza ninki biyu na tazarar da ke tsakaninta da 'yar'uwarta, don matsin da kowace ke yi ya haɗu da na maƙwabciyarta su zama ɗamara guda.

A mahaƙar kwal, inda rufi shimfiɗa-shimfiɗa ne, abin ya fi sauƙin lissafi. Shimfiɗa huɗu masu kaurin santimita 25, kowace tana lanƙwasa ita kaɗai tana zamewa a kan ta ƙasa. Idan ƙusa ta ɗinke su suka zama guda mai kaurin mita ɗaya, a lissafi lanƙwasar takan ragu ninki 16. Wani lokaci kuma aikinta rataya ne kawai, ta kama sakakken dutse mai kaurin mita ɗaya ko biyu ta maƙala shi a jikin mai ƙarfi da ke sama. Mita biyu na dutse tan 5.4 ne a kowace murabba'in mita, kun ga wannan bai fi ƙarfin tan 9 ɗinmu ba. Da wannan dabara mahaƙan kwal na Amurka suka soma barin tokaren katako tun ƙarshen shekarun 1940, kuma dokarsu a yau ta haramta wa ma'aikaci shiga ƙarƙashin rufin da ba a tallafa ba.

Yanzu ga inda nake so mu daɗe. Ƙusa ba ta fi hujinta ba. Ku ɗauki mai danƙo. Danƙon yana zuwa ne a cikin doguwar leda mai ɗaki biyu, a tura ta cikin huji, a biyo ta da sandar ƙarfe ana juyawa, sandar ta yaga ledar ta gauraya haɗin, ya daskare cikin daƙiƙoƙi ko 'yan mintuna. Ana son hujin ya fi sandar faɗi da kamar milimita 6 kacal. Idan ya yi faɗi da yawa, sandar sai ta yi ta juyi a tsakiya ba ta gauraya komai ba, ko ledar ta buɗe ta manne a bangon huji ta raba danƙo da dutse. Idan hujin ya zarce tsawon sandar, danƙon ya gudu can ƙurya inda babu ƙarfe. Idan ba a wanke garin dutse ba, danƙon ya kama gari. Idan mai injin ya juya ya wuce lokaci, ya karya danƙon yana tsakar daskarewa. A duk waɗannan, abin da za ka gani daga waje iri ɗaya ne: faranti da noti, tsaf-tsaf. Wannan shi ne haɗarin ƙusa a kan tokaren katako. Katako idan kaya ya yi masa yawa yana kuka, ma'aikata su ji su gudu. Ƙusar da ba ta kama ba shiru take yi.

Haka abin yake ga sauran iri. Akwai Split Set, wadda James Scott ya ƙirƙiro a Amurka a shekarun 1970, bututu ne mai tsaga a tsaye da ake dukansa cikin hujin da ya fi shi ƙanƙanta kaɗan, ya riƙe da gogayya. Kuskuren milimita biyu a bakin injin huda ya isa ya zubar da babban rabo na riƙonta. Akwai Swellex wadda kamfanin Atlas Copco ya ƙirƙiro, naɗaɗɗen bututu da ake kumbura shi da ruwa mai matsin kusan megafaskal 30 har ya cika hujin. Dukansu suna kamawa nan take, shi ya sa masu haƙar ma'adinai ke son su, amma bututu ne mai siririn jiki, kuma tsatsa ba ta jin kunyarsa. Wurin da ake so ya shekara hamsin ko ɗari, sanda mai cikakken siminti ake sa wa. Hanya ɗaya ta sanin gaskiyar kowace iri ita ce gwajin ja: a zaɓi wasu, a ɗaura musu jak, a ja a ga ko za su riƙe. Wurin da ba a yin wannan gwaji, addu'a kawai ake yi, ba a ɗaure raƙumin ba.

Misalai biyu mafi ciwo na ƙusar da ta saki hujinta ba ma a dutse suka faru ba, a kankare ne, amma darasin ɗaya ne. A ranar 10 ga Yuli 2006, allunan kankare suka faɗo daga rufin wata hanyar mota ta ƙarƙashin ƙasa a birnin Boston suka kashe wata mata. Bincike ya nuna danƙon da aka liƙe ƙusoshin da shi irin wanda ke saki ne a hankali idan kaya ya daɗe a kansa. A ranar 2 ga Disamba 2012 irin wannan ta faru a ramin Sasago na Jafan, mutum 9 suka rasu. A wuraren biyu ƙarfen bai tsinke ba, zarewa ya yi daga hujinsa.

Sai lokaci. Dutse yana soma motsi tun kafin haƙa ta iso shi. A daidai fuskar rami ya riga ya yi kamar kashi ɗaya cikin uku na motsin da zai yi, sauran kuma yana ƙarasa shi ne a 'yan mitocin da ke bayan fuskar. Ƙusar da aka kafa bayan mako guda, haƙa ta yi nisa, ta tarar haƙoran sun riga sun saki. Rataya kawai za ta yi, ba ɗauri ba. Wannan fahimta ce ginshiƙin tsarin da Rabcewicz da Müller da Pacher suka fitar a Ostiriya a ƙarshen shekarun 1950 da farkon 1960: a fesa siririn kankare nan da nan, a kafa ƙusa, a bar dutse ya ɗan motsa ya sauke wani kaso na kayansa, a yi ta aunawa kullum, a ƙara tallafi idan motsin ya ƙi tsayawa. Mutanen Norwe sun bi tasu hanyar mai kama da wannan a dutsensu mai tauri. Ramin Lærdal, mai tsawon kilomita 24.5, wanda aka buɗe a 2000, ƙusa da kankaren feshi ne ke riƙe da shi.

A wuri mai zurfi sosai kuwa, ƙusa mai taurin kai ita ce ke fara mutuwa. Can dutse ba zubewa yake yi ba, fashewa yake yi ya yi jifa, saboda ƙarfin da ya tara. A aikin wutar lantarki na Jinping na biyu a ƙasar Sin, inda tsaunin da ke bisa rami ya haura mita 2,500, irin wannan fashewa a watan Nuwamba 2009 ta kashe ma'aikata 7 ta kuma lalata injin haƙa. Sanda mai cikakken siminti, idan tsaga ɗaya ta buɗe farat ɗaya, duk jan yana taruwa a ɗan wurin, sai ta tsinke bayan 'yan santimitoci. Saboda haka aka ƙera masu bayarwa. A Afirka ta Kudu aka yi mai dunƙulen kai da ke jan jiki cikin siminti ba tare da ta saki ba. A Norwe Charlie Li ya yi wadda ke kame a wurare kaɗan, tsakaninsu kuma santsi ne don ƙarfen ya sami damar miƙewa. A ramin Gotthard na Suwizalan, mai kilomita 57, wanda aka buɗe a 2016, akwai sashen da dutse ke matsowa a hankali ba ya tsayawa. Sai suka haƙa ramin ya fi yadda ake buƙata faɗi, suka sa bakunan ƙarfe masu zamewa cikin juna, suka bar dutsen ya shigo har ya gaji. A irin wannan zurfi ba a kokawa da dutse, lallashinsa ake yi.

Wani zai ce mu ina ruwanmu da Gotthard? Muna da ruwa. A Akouta kusa da Arlit an haƙi yuraniyom a zurfin mita 250 daga 1978 har zuwa Maris 2021, kuma mutanen da suka ƙare ƙuruciyarsu a cikin waɗannan ramuka suna nan da ransu da iliminsu. Sannan ga dubban matasanmu a ramukan zinariya na Zamfara da Neja da Maraɗi da Agadas. A Nuwamba 2021 rami ya rufta a yankin Ɗan Isa na jihar Maraɗi, aƙalla mutum 18 suka rasu. A Yuni 2024 wani ya rufta a ƙaramar hukumar Shiroro bayan ruwan sama mai yawa.

Ba zan yaudare ku in ce ƙusa ce maganin wannan ba. Yawancin waɗannan ramuka a cikin ruɓaɓɓen dutse da jar ƙasa suke, inda babu abin da ƙusa za ta kama, kuma mai haƙa da diga ba shi da injin huda balle danƙo. Amma ilimin da ya haifi ƙusa yana aiki ko babu ƙusa. Ramin da ya fi faɗi ya fi saurin faɗowa. Rufi mai baka ya fi shimfiɗaɗɗe zama. Ginshiƙin da aka bari tsakanin rami da rami yana ɗauke da kayan ramukan biyu, wanda ya sare shi don ya hango zinariya a jikinsa ya sare abin da ke riƙe da shi da maƙwabcinsa. Ƙasar da aka tara a bakin rami ƙarin kaya ce. Ruwan damina yana shiga tsaga ya wanke lakar da ke ciki, ya kuma tura bangon daga baya. Tokare kuma ranar da aka haƙa ake sa shi, ba ranar da aka ga tsaga ba.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar digiri ko kuɗin waje. Abin da suke buƙata shi ne wanda zai je ya faɗa da Hausa, a bakin rami, ga mai ramin da yaransa. Ɗalibai, ku ne kuke da lissafin kuma kuke da harshen. Roƙona ga shugabannin sassanku shi ne su sa wannan cikin aikin fili na kowace shekara, kafin damina ta faɗi, su kuma nemo tsofaffin ma'aikatan ƙarƙashin ƙasa su raka ku.